Fashin baƙi: Su waye ke karantar fannin koyarwa a makarantun cikin birni a Amurka, kuma me ke kai su?

Duk wanda ya taɓa zama yana duba jerin kwasa-kwasan jami'o'in Amurka, ko don kansa ko don ya taya wani ƙane neman gurbin ƙaro ilimi, da wuya bai ci karo da wani fanni da suke kira "urban education" ba. Bahaushe na ganin sunan zai ce ilimin birni, ya ɗauka harkar 'yan gata ce. Ba laifinsa ba ne. A wurinmu birni ne ke da kwalta da lantarki, malamin da aka tura ƙauye kuwa shi ake yi wa jaje. A Amurka abin a juye yake: makarantar gwamnati da ke tsakiyar babban birni ita ce sau da yawa malamai ke gudu.

Maganar ta sake tasowa ne a watan Fabrairun 2025, lokacin da Ma'aikatar Ilimi ta gwamnatin Donald Trump ta soke tallafin sama da dala miliyan 600 da ake bai wa shirye-shiryen horar da malamai. Hujjarta ita ce shirye-shiryen sun cika cusa wa ɗalibai aƙidun launin fata. Jihohi takwas suka garzaya kotu, amma a watan Afrilu Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta bar gwamnati ta ci gaba da riƙe kuɗin kafin a kammala shari'a. Da yawa daga cikin wannan kuɗi na tafiya ne wajen shirya malaman makarantun marasa galihu, na birni da na karkara. To su waye matasan da ke zaɓar wannan fanni? Daga wane gida suka fito, me suke nema, kuma me ya sa asalinsu ya zama abin ce-ce-ku-ce?

Kalmar da ba ta nufin abin da take faɗa

A bakin Ba'amurke, idan aka ce makaranta ta "birni" ce, ba yawan benaye ake nufi ba. Sakaya zance ce. Ana nufin makarantar da galibin yaranta baƙaƙen fata ne ko 'yan asalin Latin Amurka ko 'ya'yan baƙin haure, kuma iyayensu masu ƙaramin ƙarfi. Makarantar kuɗi ta 'ya'yan attajirai da ke tsakiyar Manhattan, a ƙwaryar birnin Niyok, ba wanda ke kiran ta da wannan suna, alhali ba makarantar da ta fi ta zama cikin birni.

Wannan ruɗani ne ya sa Farfesa Richard Milner, a 2012, ya yi ƙoƙarin raba abin gida uku. Akwai makarantun manyan birane masu mutum sama da miliyan ɗaya, irin su Niyok da Shikago da Los Anjalis. Akwai na biranen da ba su kai haka ba amma suna fama da irin matsalolin, kamar Nashville da Austin. Sai kuma makarantun da ba sa cikin babban birni ko kaɗan, amma sun fara ɗaukar kamannin na birnin, misali saboda yawaitar yaran da Ingilishi ba harshen gidansu ba ne. Amfanin rabon shi ne ya tilasta wa mai magana ya faɗi abin da yake nufi, maimakon ya ɓuya a bayan kalma ɗaya.

Shi kuwa fannin, haɗin gambiza ne: dabarun koyarwa, tarihi, nazarin zamantakewa, tattalin arziki da dokokin ilimi. Wasu jami'o'i na ba da shi a matsayin ƙaramin fanni da ɗalibi zai haɗa da babban kwas ɗinsa, wasu kuma har digiri na biyu da na uku. Jami'ar Brown na da digiri na biyu kan manufofin ilimin birane, Jami'ar birnin Niyok na da na uku, Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis kuma ta kafa cibiyarta mai suna Center X bayan tarzomar da ta girgiza birnin a 1992, lokacin da kotu ta wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King duka.

Yadda tsakiyar birni ta koma ta talaka

Ba a fahimtar ɗaliban sai an fahimci wurin da za su je aiki. Tsakanin shekarun 1910 da 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan shida suka baro jihohin kudu, inda wariya ta yi musu katutu, suka nufi biranen arewa da yamma neman aikin masana'antu. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirar birane sama da 200, ta shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, alamar cewa ba da bashin sayen gida a can kasada ce. Bankuna suka ɗauke kai daga unguwannin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, fararen fata masu hali suka samu bashi mai sauƙi da sababbin manyan tituna, suka yi ƙaura zuwa unguwannin gefen birni. Suka tafi da harajinsu.

A nan gizo ke saƙa. Gwamnatin tarayya ba ta ba da abin da ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na kuɗin makarantun gwamnati. Sauran jihohi ne da ƙananan hukumomi ke raba shi kusan daidai, kuma kason ƙananan hukumomi yawanci daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Unguwa mai gidaje masu tsada, makaranta mai kuɗi. A 1973 iyayen wata unguwar talakawa a San Antonio ta jihar Texas suka ƙalubalanci wannan tsari har Kotun Ƙoli, suka sha kaye. Shekara guda bayan haka, a shari'ar birnin Detroit, kotun ta ce ba za a tilasta wa gundumomin makarantu na gefen birni su shiga shirin cakuɗa yara baƙaƙe da farare a makaranta ɗaya ba, sai in an tabbatar su ma da hannunsu a wariyar. Ke nan hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata yana nan a takarda, amma iyakar gunduma ta ci gaba da yin aikin da dokar wariya ke yi a da.

Sai dai kada a ɗauka kowane birni talaucin kuɗi ne matsalarsa. Niyok na cikin waɗanda suka fi kashe kuɗi kan kowane ɗalibi a faɗin ƙasar. Amma a birnin nan, shekara da shekaru ke nan ana samun yara 'yan makaranta sama da 100,000 da ba su da tsayayyen muhalli a cikin shekara guda. Malamin da yaronsa ya kwana a gidan 'yan gudun hijira ko a falon wata gwaggo ba allo da alli kaɗai yake buƙata ba.

Su waye ke cika ajin

Alƙaluman gwamnati sun nuna kusan kashi 80 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati a Amurka fararen fata ne, kuma sama da kashi uku cikin huɗu mata ne. Baƙaƙen fata ba su wuce kashi 6 zuwa 7 ba, mazansu kuwa ba su kai kashi 2 ba. Ta ɓangaren yara kuma, tun wajejen 2014 fararen fata suka daina zama rinjaye. Wannan giɓi shi ne tushen duk wata muhawara kan asalin ɗaliban fannin.

Idan mutum ya ce zai karkasa su, ni dai huɗu nake gani, kodayake ɗan Adam ba ya zama daram a akwati ɗaya.

Na farko shi ne ɗan unguwa mai son komawa gida. A irin makarantun ya tashi, sau da yawa shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a, wataƙila ma ta ƙaramar kwalejin shekara biyu ya biyo, yana karatu yana aiki. Abin da ke kawo shi ko dai wani malami ne da ya riƙe hannunsa, ko kuma takaicin rashin samun irin wannan malami. A kwas ɗin ne yake fara samun sunayen abubuwan da ya rayu a cikinsu: me ya sa malamin lissafinsu ke canzawa sau uku a shekara, me ya sa ake korar abokansa kan laifin da a wata makarantar gargaɗi kawai ake yi.

Na biyu, kuma mafi yawa, budurwa ce farar fata daga gefen birni, 'yar gidan masu rufin asiri. Wata aikin sa-kai ne ya kai ta, ta je koya wa yara karatu da yamma, ta ga abin da ba ta taɓa zato ba a nisan rabin awa daga gidansu. Wata cocinsu ne ya zaburar da ita. Ita ce ake yawan yi wa shaguɓe da "mai ceto", wato wadda ta ɗauki yaran a matsayin abin tausayi da ita za ta tsamo. Zargin na da tushe a wasu lokuta, amma a ganina ana wuce gona da iri. Idan duk irinta suka janye gobe, azuzuwa da dama za su wayi gari ba malami.

Na uku bai da niyyar riƙe alli ko kaɗan. Ɗalibin babbar jami'a ne mai karantar siyasa ko tattalin arziki ko shirin zama lauya, ya ɗauki fannin don ya san yadda ake tsara manufofi. Irinsu ne daga baya ke zama masu ba 'yan majalisa shawara da shugabannin ƙungiyoyi, wato su ne za su yanke hukunci a kan ajin da ƙila ba su taɓa yin zango guda a cikinsa ba.

Na huɗu babba ne: mataimakiyar malama da ta shekara goma tana aiki ba takardar shaida, tsohon soja, ko uwar da ta gama renon 'ya'yanta. Ba a cika ganin hotonsu a tallan jami'a ba.

Shin asali na da tasiri, ko siyasa ce kawai?

Akwai bincike a kai, kuma ya fi zancen baka nauyi.

Wasu masana sun bi sawun sababbin malamai a jihar Niyok tsakanin 1999 da 2002, suka gano kashi 61 cikin 100 sun fara aiki ne a wurin da bai wuce mil 15 daga garin da suka tashi ba, kashi 85 kuma cikin mil 40. Malami ɗan gida ne, ba ya son nisa. Ma'anar wannan ga tsakiyar birni mai ɗaci ce. Tunda 'ya'yanta kaɗan ne ke kammala jami'a su zama malamai, dole ta riƙa aro daga waje, kuma na aro da ya samu gurbi kusa da gida sai ya tattara. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Shi ya sa makarantun talakawa ke asarar malamai fiye da sauran, kuma su ne kullum ke karɓar sababbin shiga.

Wani binciken da aka yi da bayanan jihohin Tennessee da North Carolina ya nuna yaro baƙar fata da ya samu ko da malami ɗaya baƙar fata a firamare ya fi yiwuwar kammala sakandare da neman shiga jami'a. Dalilan da ake bayarwa biyu ne: yaron ya ga irinsa a gaban allo, malamin kuma ya fi sa ran yaron zai iya. Abin takaici, ƙasar ta taɓa samun irin waɗannan malamai da yawa. Bayan hukuncin 1954, da aka zo haɗe makarantu a kudu, na baƙaƙe aka rufe, kuma an ƙiyasta malamai da shugabannin makarantu baƙaƙen fata kimanin 38,000 suka rasa aikinsu cikin shekara goma.

Marigayi Martin Haberman na Jami'ar Wisconsin a Milwaukee ya shafe shekaru yana nazarin malaman da ke cin nasara a makarantun talakawa. Abin da ya fito da shi bai yi wa kwalejojin ilimi daɗi ba. Ya ce waɗanda suka fi daɗewa da iya aikin ba 'yan shekara 22 masu sakamako mai kyau ba ne, a'a, mutane ne da suka haura talatin, suka zauna a birnin, suka taɓa wani aikin, suka yi reno. A wurinsa, zaɓen wanda za a horar ya fi horon kansa muhimmanci.

Duk da haka, launin fata ba takardar shaida ba ce. Baƙar fatar da ya tashi a gidan likitoci a gefen birni na iya zama baƙo a unguwannin baƙaƙe na kudancin Shikago kamar kowa. Farfesa Gloria Ladson-Billings, wadda ta yi suna kan koyarwa mai la'akari da al'adar yaro, ta yi nazarin ƙwararrun malamai takwas da ke koyar da yara baƙaƙen fata, kuma uku daga cikinsu fararen fata ne. Abin da ya haɗa su shi ne ba sa sassauta wa yaran ma'auni, kuma sun san iyaye da unguwa.

Gajeren horo ko zaman koyon sana'a

Hanyar da ta fi suna ita ce Teach For America, wadda Wendy Kopp ta tsara a kundin kammala digirinta a Jami'ar Princeton a 1989, ta fara aiki a 1990 da matasa kimanin 500. Tsarin mai sauƙi ne: a ɗebo haziƙan da suka gama jami'a, a ba su horon 'yan makonni, su yi alkawarin shekara biyu a makarantun marasa galihu. Masu yabonta na nuna binciken da ya gano malamanta ba su gaza sauran ba, a lissafi ma sun ɗan fi. Kuma tun wajejen 2014 kusan rabin waɗanda take ɗauka ba fararen fata ba ne, abin da yawancin kwalejojin ilimi ba su cimma ba. Masu sukarta kuwa cewa suke yi 'ya'yan talakawa ba wurin koyon aski ba ne, kuma shekara biyu lokacin da malami ke fara gane kan aiki ke nan. Farin jininta dai ya ragu ƙwarai tun bayan 2013.

Ɗaya hanyar ta fi kama da yadda yaron tela ke zama gaban maigidansa. Ɗalibi zai yi shekara guda cur a aji ɗaya tare da gogaggen malami, ana ba shi ɗan alawus, yana karatu a gefe, sannan ya yi alkawarin wasu shekaru a gundumar. Shikago ta fara irin wannan a 2001, Boston a 2003. Jihar Illinois kuma ta yi doka a 2004 don tallafa wa iyaye da mataimakan malamai na unguwa su zama cikakkun malamai. A Jami'ar Clemson akwai shirin Call Me MISTER da aka fara a 2000 don ƙara yawan malamai maza baƙaƙen fata a firamare. Matsalar wannan hanya tsada. Irin waɗannan shirye-shirye na zama da gogaggen malami na cikin waɗanda tallafin da aka soke ke ɗaukar nauyi.

Abin da masu adawa ke cewa

Bai kamata a yi watsi da ƙorafin masu ra'ayin riƙau ba. Suna cewa kwalejojin ilimi sun shagala da darussan wariya da danniya, har ɗalibi ya gama bai san yadda ake koya wa ɗan shekara shida haɗa baƙi da wasali ba. Suna buga misali da Mississippi, ɗaya daga cikin jihohi mafi talauci, wadda ta yi doka a 2013 ta mayar da hankali kan koyar da karatu daki-daki da sake horar da malamai, sai ga 'yan aji huɗunta sun tashi daga kusan ƙarshen jerin jihohi zuwa sahun gaba. A nan suna da gaskiya babba. Yaron da bai iya karatu ba, ba abin da tausayin malami zai tsinana masa.

Inda na rabu da su shi ne zaton cewa dole a zaɓi ɗaya. Malamar da ba ta san tarihin unguwa ba ita ce za ta ga uwa ba ta zo taron iyaye ba ta yanke cewa ba ta damu da ɗanta ba, alhali matar na aikin dare ne a gidan kula da tsofaffi. Kuma soke kuɗin bai gyara manhajar ba, ya dai rage yawan waɗanda za su iya shiga.

Aljihu ne ke tace su

A shekarar karatu ta 1970 zuwa 1971, Amurka ta yaye masu digirin farko a fannin ilimi kimanin 176,000, wato kusan kashi 21 cikin 100 na duk digirorin shekarar. A 2019 zuwa 2020 sun koma kimanin 85,000, kashi 4 kacal. Wani ɓangare na dalilin abin farin ciki ne, domin mata sun samu ƙofar likitanci da lauya da a da aka rufe musu. Ɗaya ɓangaren albashi ne: ƙididdigar baya-bayan nan ta nuna malami na samun ƙasa da takwaransa mai digiri a wani aikin da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Wannan ya fi dukan ɗan unguwa. Koyarwar gwaji, wadda ɗalibanmu na kwalejojin ilimi ke kira TP, a yawancin jihohi zango guda ce ta cikakken aiki ba ko sisi, ga kuɗin makaranta ana biya. Wanda iyayensa ke biya masa haya zai jure. Wanda shi ke tallafar gida ba zai iya ajiye aikinsa wata huɗu ba. Ga jarrabawar lasisi da ake biya duk zama, ga bashin karatu, wanda wani nazari na 2016 ya nuna baƙaƙen fata na ɗauke da kusan ninki biyu na fararen fata shekara huɗu bayan kammala digiri. Akwai tallafin gwamnati har dala 4,000 a shekara ga mai niyyar koyarwa a makarantar talakawa, amma da sharaɗi: in bai cika shekara huɗu yana aikin ba cikin shekara takwas, kyautar ta rikiɗe ta zama bashi har da kuɗin ruwa.

Sakamakon shi ne tsarin ya fi sauƙi ga wanda zai zo ya wuce, ya fi wuya ga wanda zai zauna.

Wa abin zai shafa

Ga iyaye talakawa, ƙarancin ɗalibai a fannin yana nufin ƙarin azuzuwa a hannun malaman wucin gadi da waɗanda aka bai wa lasisin gaggawa, musamman a lissafi da kimiyya da ajin yara masu buƙata ta musamman. Shirin da ya rasa tallafi ko dai ya rage alawus ko ya rage gurabe, kuma mataimakiyar malamar nan mai 'ya'ya uku ita ce ta farko da za ta janye.

Abin bai tsallake namu ba. A unguwar Bronx ta Niyok akwai dubban 'yan Afirka ta Yamma, daga Gambiya da Senegal da Mali da Gini da Gana, ciki har da Hausawan zango, kuma 'ya'yansu waɗannan makarantu suke zuwa. Birnin ya fara rufe makarantu ranakun Sallah ƙarama da babba tun shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, alamar yawan Musulmin da ke cikinsu. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 ya ba kowane yaro damar shiga makarantar gwamnati ko da iyayensa ba su da takardun zama, amma a Janairun 2025 gwamnati ta janye ƙa'idar da ke taƙaita wa jami'an shige da fice kame a makarantu. Malamin da zai tsaya gaban irin wannan aji yana buƙatar ya gane dalilin da yaro ya yi lamo da rana a watan azumi, ya san sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne ba rashin gaskiya ba, ya kuma san abin da doka ta ce in aka ƙwanƙwasa ƙofar makaranta. Wasu daga cikin 'ya'yan baƙin da suka zo a shekarun 1990 yanzu sun gama jami'a a birnin, kuma su ne irin 'yan gidan da gundumar ke nema ido rufe, idan har za su iya ɗaukar zangon koyarwar gwaji ba albashi.